MARUBUTANMU DA KUNYAR TEBURIN MAI SHAYI

Wannan makon ni aka ba fili, kuma ba yabo na zo da shi ba. Duk wanda ya tsargu, to da shi nake, amma ya sani da kaina zan fara.

Wata uku da suka wuce, a zaman karatun ƙungiyarmu, wani yaro ɗan Dakata da bai fi shekara goma sha tara ba ya miƙe ya karanta gajeren labarinsa. Labarin wani lebura ne a kamfanin roba a Sharada, mai shayi yana binsa bashin wata biyu, ga matarsa ta haihu. Kullum da asuba sai ya zagaya ta bayan layi don kada su haɗa ido. Ranar suna kuwa sai ga yaron mai shayin da gwangwanin madara da ƙullin sukari, wai a ba mai jego. Da ya kai ƙarshe, wani babba a cikinmu ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka iya jera magana, amma ka nemi jigo mai daraja. Wa zai sayi labarin mai shayi?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Yaron ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, kuma tun daga ranar bai sake zuwa zama ba.

Dariyar nan ce take damuna har yau, don labarinsa ya fi duk abin da aka karanta a ranar, har da nawa.

Ku buɗe littattafan da ke yawo a wayoyinmu ku duba yadda ake shan shayi a cikinsu. Jarumi ya sauko daga bene, ƙamshin turarensa ya cika falo, 'yar aiki ta jera kayan kari a kan dogon tebur, ya kurɓi shayi sau biyu ya ɗauki makullin mota. Sau da yawa ma marubucin ba ya iya rubuta kalmar shayi, sai ya sa ta Ingilishi, kamar ta Hausar za ta ɓata wa jarumin shadda. In kuwa mai shayi ya leƙo cikin labarin, to ko dai an aiki direba wurinsa, ko kuma nan ne majalisar 'yan gulmar da za su ɓata wa jaruma suna. Alhali wanda ya rubuta wannan, da wadda za ta karanta, da mai ɗab'in da zai buga, kusan duk mun san ɗanɗanon shayin benci fiye da na dogon tebur.

Kowa ya san inda muka aro wancan falo. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen siliman Arewa, iyayenmu suka kalle su a Plaza da Marhaba da Eldorado, mu kuma muka tashi da fassararsu a wayoyinmu. Ban ga laifin aro ba. Abin da na gani shi ne mun aro bene da lambun furanni da rawa cikin ruwan sama, mun bar abin da Indiyawan suka fi mu iyawa, wato kallon talakansu da idon mutunci. Shayi kansa ya isa shaida.

Da farko dai, kada kowa ya ce shayi gadon kakannin Indiyawa ne, mu kuma baƙo ne a wurinmu. Sunan ma daga Sin ya taso. Can ake ce masa ca, Farisawa da Indiyawa suka ce cai, Larabawa suka ce shai, mu muka ce shayi. Akwai ƙabilun da suka san ganyen a dazukan Asam tun tuni, amma noma shi a manyan gonaki aikin Turawan Ingila ne. Sun kafa kamfanin Asam a 1839, suka fara gwada shuka shi a tsaunukan Darjilin a 1841, duk don a kai Ingila a karya cinikin Sin. A tsibirin Siri Lanka wani James Taylor ya fara gonarsa a 1867, sannan a 1890 wani ɗan tireda daga Glasgow mai suna Thomas Lipton ya sayi gonaki a can. Sunan mutumin nan ne muke kira kullum in muka ce a jefa mana lifton.

Shekaru masu yawa Ba'indiye yana tsinkar ganyen ba ya sha. Sai a farkon ƙarni na ashirin ƙungiyar masu gonakin shayi, wadda aka kafa a 1881, ta ga ga kasuwa a gida tana kwance. Suka bi tashoshin jirgin ƙasa suna kafa masu sayarwa, suka bi masaƙu da ma'adinai suna lallashin masu su a ba ma'aikata ɗan hutun shan shayi. Ku lura da wannan da kyau: a ƙofar masana'anta da bakin tasha shayi ya zama na talakan Indiya. Masu sayarwar kuma ba su bi yadda Bature ya koya musu ba. Suka tafasa ganye da madara da sukari a tukunya ɗaya, suka zuba citta da girfa da kanumfari da masoro, har masu gonakin suka riƙa jin haushi don kayan ƙamshi na rage yawan ganyen da ake saya. Daga baya injin da ke murƙushe ganye ya mai da shi ƙananan ƙwayoyi ya yaɗu, musamman a shekarun 1960, shayi ya yi arha ya kuma yi ƙarfin da madara ba ta kashe shi. Galibin abin da ke cikin 'yar jakar da mai shayinmu ke tsomawa irin wannan ne.

Yau kowane yanki da nasa. A Mumbai akwai rabin kofi na mai sauri da mai ƙaramin aljihu. A Kalkata ana zuba shi a ɗan kaskon yumɓu, in ka shanye ka yar. A Kashmir suna da wani mai gishiri, launinsa ja-ja. A Pakistan akwai wanda ake dafawa da zallar madara ba ruwa, kuma yawancin ganyensu daga Kenya suke saye, har a watan Yunin 2022 ministansu na tsare-tsare Ahsan Iqbal ya roƙi jama'a su rage kofi ɗaya ko biyu a rana don kuɗin shigo da shi ya yi wa ƙasar nauyi. Mutanen Bengal suna da abin da suke kira adda, zaman hira a kan shayi da ba a san ranar tashinsa ba, ana siyasa ana ƙwallo ana adabi. Mu majalisa muke ce masa.

Su ba su ji kunyar wannan ba. A 1937 Mulk Raj Anand ya fitar da littafinsa Two Leaves and a Bud, labarin wani manomi Gangu da aka yaudara ya bar Panjab da iyalinsa zuwa gonar shayi a Asam, matarsa ta mutu da zazzaɓin cizon sauro, shi kuma wani Bature mai kula da gonar ya harbe shi lokacin da yake kare 'yarsa. Ya bi kofin shayi har gindin bishiyarsa ya nuna jinin da ke ciki. Fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008, da ya ci kyautar Oscar takwas, jaruminsa yaron raba shayi ne a wani ofis a Mumbai. Narendra Modi ya sha faɗin cewa yana yaro ya taya mahaifinsa sayar da shayi a tashar Vadnagar, kuma a yaƙin neman zaɓen 2014 ya mai da hirar wurin mai shayi makamin kamfe. Ba yabonsa nake ba. Ina nuna muku ne cewa ɗan siyasa ya san darajar bencin nan, namu ma sun sani, shi ya sa suke tsayawa su biya wa kowa in zaɓe ya ƙarato. Marubuci ne kaɗai ya ɗauke kai.

Mu dawo gida. Ni a ƙaramar hukumar Nassarawa aka haife ni, tafiyar ƙafa ce tsakanin gidanmu da Bompai. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antun Kano, tun ƙarshen zamanin Turawa. Sharada da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. Masaƙu, majemu, kamfanonin roba da alewa da sabulu da kwanuka da man gyaɗa, su suka cika Dakata da Kawaji da Gwagwarwa da Tudun Murtala da mutane daga ko'ina, Bahaushe da Bayerabe da Ibo da Igala da mutumin Damagaram. Aikin kamfani aikin karɓa-karɓa ne, wasu na fita da asuba wasu na shiga. Mutumin da zai kama aiki ƙarfe shida ba zai jira a dama koko a gida ba, wanda ya kwana a kan inji kuma babu mai tuwon da zai samu a lokacin. Mai shayi ne ya cike wannan gurbin, kamar yadda takwaransa ya yi a ƙofar masaƙun Mumbai. Tarihinsu da namu hanya ɗaya suka biyo, amma mu muka je muka aro musu falo.

Lokacin da nake karatun difloma na yi wata huɗu ina koyon aiki a wani kamfani a Sharada. Manajan sashenmu Ba'indiye ne, ƙarfe goma ake kai masa nasa mai citta a ofis. Mu kuma a bakin ƙofa muke shan namu. A nan na ga abin da babu malamin adabin da ya koya mini, wato yadda mutum ke yin odar shayi ya isa ya gaya maka halin da yake ciki. Wanda ya karɓi albashi jiya zai ce a yi masa haɗin kauri, madarar gwangwani da bonbita, a soya ƙwai uku da indomi, kuma da ƙarfi zai faɗa. Ranar ashirin ga wata shi ɗin dai zai ce a ba shi ruwan bunu da rabin burodi. Dattijon da ya ce ban da sukari, likita ya yi masa magana. Wanda ya shanye ya tsaya yana goge baki har kowa ya watse, sannan ya sunkuya ya ce a rubuta, ka san gida ba lafiya. Mai shayin yana sheƙa shayi tsakanin kofi biyu, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba, kunnensa na wurin rediyo, idonsa na kan wanda ke shirin sulalewa. Muna ɓata shafi uku muna gaya wa mai karatu jarumi talaka ne mai zuciya, abin da kalma biyu a bakin tebur za su gama.

Ga kuma wani shayin a gefe guda, na Buzaye masu gadin kamfanoni da gidajen Nassarawa. Koren ganye daga Sin, 'yar buta a kan gawayi, ƙananan kofunan gilashi, a dafa ganye ɗaya har sau uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. Wannan ba na cika ciki ba ne, na kashe dare ne da riƙe baƙo. A Damagaram da Maraɗi da Yamai a kansa matasa ke zama a fada, yanzu kuma samarin Kano sun karɓe shi, sun ƙara masa na'a-na'a da kanumfari. Mutum ya baro Agadas ya zo yana gadin kamfanin da injinansa suka daina juyawa shekara goma, shi da butarsa da iska. Wane ne a cikinmu ya taɓa zama kusa da shi ya tambaye shi labarinsa? Ko ganyen kansa, mu nawa muka san ana noma shi a ƙasar nan, a Kakara da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba? Anand ya je gonar Asam ya dawo da littafi. Gonar Kakara tana nan tana jiran mai alƙalami.

Kuma in kana neman tarihin tattalin arzikin Kano, littafin bashin mai shayi ya fi jawabin kowane kwamishina gaskiya. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje da suka cika Kantin Kwari, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina yana cikin waɗanda wata masaƙa ta sallama ina firamare. Sai da na girma na ji cewa ya yi kusan wata guda yana fita da asuba da kayan aikinsa kamar kullum, ya je ya zauna wurin mai shayi, don ya rasa bakin da zai gaya wa mahaifiyarmu. A bencin nan ya ji labarin wanda ke ba da babur haya, ya shiga acaɓa, har gwamnati ta hana ta a Janairun 2013 ya koma A Daidaita Sahu. A farkon 2023 da takardar naira ta ɓace, mai shayi ne ya ciyar da layinmu a kan amana. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun shekarar, kowa ya ga yadda gwangwanin madara ya koma ƙullin gari, ƙwai biyu suka koma ɗaya, ɗayan ma ya zama na ranar albashi. Wannan ne aka ce ba jigo mai daraja ba?

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Za a ce mai karatu ya gaji da wahala, mafarki yake so ya saya. Gaskiya ne akwai mai son haka, kuma ban ce a daina rubuta masa ba. Amma wa ya gwada ba shi ɗayan har ya ƙi? A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Mutane sun saya sun karanta. Da wani kamfanin ɗab'i na birnin Cennai a Indiya mai suna Blaft ya tashi buga littafin Hausa cikin Ingilishi a 2012, shi ya ɗauka, da fassarar Aliyu Kamal. Ku duba abin da kyau. Indiyawan da muke kwaikwayo, da suka zo kasuwarmu, tukunyar Rabi suka saya. Benen da muka aro musu suna da wanda ya fi shi a gida.

Za a ce yawancin marubutanmu mata ne, kuma mace ba ta zama a teburin mai shayi. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma shayi ba a benci ya tsaya ba. Yana cikin filas ɗin mai jego, yana cikin sahur da buɗa-baki, yana cikin jug ɗin da ake ba yaro ya je ya sayo ranar da gas ya ƙare. Matar da ke auna cokalin madara don ta kai 'ya'ya biyar ta san lissafin da mijinta bai sani ba. Akwai kuma mata da 'yan mata da ke aiki a kamfanonin Sharada da Bompai, su sayi nasu a tsaye su koma gefe su sha, don bencin na maza ne. Wannan tsayuwar kanta labari ce, kuma 'yan uwana mata kun fi mu sanin yadda za a ba da shi.

Za a ce wurin mai shayi matattarar zaman banza ce da ƙarya, shi ya sa in magana ba ta da tushe ake ce mata hirar teburin mai shayi. To, a rubuta hakan ma. Ban ce a yi masa kwalliya ba. A rubuta bokiti ɗaya da ake wanke kofi ɗari a ciki. A rubuta almajirin da ke wanke-wanke har ƙarfe ɗayan dare a biya shi da gutsuren burodi. A rubuta yadda jita-jita ke tashi daga benci ta kashe aure ko ta tada unguwa. Wanda ya ce wuri ya yi ƙazanta da yawa ba zai rubuta shi ba, wa'azi yake so ya yi, kuma ko mai wa'azi sai ya san abin da yake hani a kai.

Za a ce to ai kowa aro yake, har Abubakar Imam. Ƙwarai kuwa. Magana Jari Ce, da ta fara fitowa a 1937, cike take da labaran da ya ɗebo daga Alfu Laila da littattafan Indiya da tatsuniyoyin Turai. Amma da ya gama da su, sarkin ya zama sarkinmu, alƙalin ya zama alƙalinmu, ɓarawon ma ka san unguwarsu. Abin da masu shayin Indiya suka yi wa ganyen Bature ke nan, abin da namu suka yi masa ke nan da suka haɗa shi da burodi da ƙwai. Mai shayin da bai yi aji ɗaya ba ya iya mai da kayan aro nasa, mu masu difloma da digiri mun kasa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

An ce wanzami ba ya son jarfa, to bari in yi wa kaina. Littafina na farko, wanda wasunku suka karanta, jaruminsa a Dubai yake karin kumallo. Ban taɓa wuce Kaduna ba lokacin da na rubuta shi. Na san launin labulen otal ɗin da ban taɓa gani ba, amma ban iya rubuta watan da mahaifina ya yi a kan benci ba, don ina jin kunyar a san ɗan wane ne ni. Da aka yi wa yaron nan dariya, kunyar ce ta sake fitowa ta bakina. Ina zargin da yawanmu haka ne. Mai karatu muke ɗora wa laifi, alhali mu ne ba ma son a gan mu a inda muka fito.

Ga abin da nake nema a wurinku kafin mako mai zuwa. Duk mai iya zuwa, ya je wurin mai shayin unguwarsu, ko ƙofar wani kamfani a Bompai ko Sharada ko Challawa lokacin canjin aiki, ya sayi ko ruwan bunu ne, ya ajiye waya ya zauna minti talatin. Wadda ba za ta iya zuwa ba, ta dubi shayin safen gidansu, wa ke haɗawa, wa ake fara zuba wa, wa ke samun na ƙarshe. A rubuto shafi ɗaya. Kada a sa mota, kada a sa bene, kada a gaya mana wane talaka ne ko mai kuɗi, a bar kofinsa ya faɗa. Ku kawo mu karanta tare, mu yi wa juna gyara ba dariya ba.

Hausawa na cewa wanda ya yi wasa zai gane shayi ruwa ne. In muka ci gaba da korar yara irin wannan daga zamanmu, wata rana wani zai zo daga waje ya rubuta Bompai da Sharada, ya ci kyauta da su, mu kuma mu sayi fassara. Ni dai nawa aikin na farko shi ne in shiga Dakata in nemo yaron nan in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya dawo da takardarsa. Wanda ya san shi a cikinku, don Allah ya gaya masa ana nemansa.

Allah Ya sa mu gyara. Sai na ji daga gare ku, har da masu jin na yi musu rashin kunya.